Yadda Baba Daƙiƙa Ya Raba Ƙwayar Mura Gida Biyu

Wajibi ne a faɗa tun farko cewa Baba Daƙiƙa ya iya gyaran agogo. Wannan ba abin musu ba ne. Abin da ake musu a kai shi ne sauran abubuwan da yake cewa ya iya, kamar gane ciwon mutum daga takunsa, da sanin ranar da za a yi ruwa tun hadari bai haɗu ba. Shagonsa ɗan tsukuku ne tsakanin na mai aski da na tela, teburi ɗaya, fitila ɗaya, sai agogo goma sha bakwai a bango. Sunan kuwa ya samo shi ne domin ba ya amsa gaisuwar safiya sai ya dubi tsintsiyar hannunsa, ya gaya maka da daƙiƙa nawa ka makara idan aka kwatanta da jiya.

Babban abin alfaharinsa shi ne agogon ɗakin karatu na unguwa, wanda ke maƙale can sama kusa da silin, sai da dogon tsani ake kai gare shi. Shekara talatin da ɗaya ke nan duk ranar Litinin shi ke hawa ya yi masa wani, wato ya murɗa shi da makulli. Makullin agogon a wuyansa yake rataye da igiya, ko wanka zai shiga ba ya cirewa.

To, sai agogon ya fara rikici. Ƙarfe uku ya buga biyar, ƙarfe tara ya yi gum kamar an yi masa laifi. Kwamitin ɗakin karatu ya zauna a kan maganar. Mai gyaran waya, wani magidanci mai shago a bakin titi, ya kawo shawara a kwashe kayan cikin a sa injin batir, wanda ba ya bukatar wani balle tsani. Baba ya ce agogon batir ba agogo ba ne, faranti ne aka liƙa wa hannu biyu. Shugaban kwamiti, tsohon sufeton makarantu mai kaurin gashin baki wanda yake tajewa sau uku a wuni, ya yanke hukunci. Ranar Asabar da tsakar rana kwamiti zai hallara a ƙarƙashin agogon. Idan ya buga goma sha biyu cif, makulli ya ci gaba da zama a wuyan Baba. Idan ya ƙara ko ya rage ko da guda ɗaya ne, a kwashe.

Baba ya ce shi dai Asabar ta yi masa nisa, da gobe suka ce da ya fi jin daɗi.

A wannan makon ne wani kafinta ya buɗe shago daura da nasu, ya ajiye injin yankan katako a bakin ƙofa. Garin katako ya riƙa tashi yana shiga shagunan layin. Jikin Baba kuwa ba ya shiri da wannan gari. Idanunsa suka yi ja suna ƙaiƙayi, hanci ɗaya ya toshe, ɗayan yana yoyo. Ranar Talata ya sauko da ɓangaren bugu na agogon, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera ƙananan sukurori bisa girmansu, ya maƙala gilashinsa na ido ɗaya, ya ɗauki hantsaki. Sai atishawa ta zo. Sukuru goma sha ɗaya suka tashi sama.

Mai aski da tela suka shafe rabin awa suna rarrafe da maganaɗisu. An sami ɗaya a cikin kwanon sabulun aski, an sami ɗaya a naɗin wandon tela. Baba ya ce ba atishawa ya yi ba, wata tsohuwar hanya ce ta hure ƙura wadda masu gyaran yanzu ba su sani ba. Tela ya tambaye shi ko hawayen da majinar da ke ɗiga kan ƙyallen su ma cikin tsohuwar hanyar suke. Kafin Baba ya buɗe baki, wata atishawar ta riga shi.

Da yamma ya tafi kantin magani. Mai kemis mace ce mai natsuwa, wadda ba ta miƙa ƙwaya sai ta yi tambaya. Ta tambaye shi ko yana da hawan jini, ko ciwon zuciya, ko wahalar fitsari, ko ciwon ido, ko kuma akwai wani magani da yake sha kullum.

"'Yata," in ji Baba, "jinina tafiyar agogo yake yi. Ba ya hawa, ba ya sauka."

Alhali kuwa shekara shida ke nan yana shan ƙwayar hawan jini duk safiya, matarsa ce ke ajiye masa ita a gefen kofin shayi.

Mai kemis ta ɗauko masa kwalin wata ƙwaya mai hawa biyu, gefe ɗaya fari, ɗaya rawaya. Ta yi masa bayani dalla-dalla. Ɗaya da safe, ɗaya da yamma, awa goma sha biyu tsakani. A haɗiye ta sukutum da ruwa, ba tauna, ba fasawa, ba dakawa. Kada ya haɗa ta da wani maganin mura ko na tari. Kada ya tuƙa mota ko ya hau wani abu mai tsawo sai ya ga yadda jikinsa ya karɓe ta. Ta ce magani biyu ne a haɗe: ɗaya yana kwantar da atishawa da ƙaiƙayi amma yana iya sa gyangyaɗi, ɗayan yana buɗe hanci amma yana iya tayar da bugun zuciya, shi ya sa aka yi shi ya riƙa narkewa sannu a hankali. Ta faɗa masa wane launi ne wane. Baba bai ji wannan ba, domin tun da ta ce magani biyu ne a haɗe hankalinsa ya tafi. Juya ƙwayar kawai yake yi a tafin hannu yana neman inda aka haɗa ta.

A hanyar komawa ya gama tsara komai. Duk abin da aka haɗa, a ganinsa, ana iya kwance shi. Masu yin ƙwayar sun cusa inji biyu a gida ɗaya ne don ganda, mai sa barci da mai hana barci suna ta ja-in-ja a cikin mutum. Shi zai raba su. Mai buɗe hanci da wartsakarwa don lokacin aiki, mai kwantarwa don lokacin hutu. Ya gaya wa mai aski cewa idan labarin ya bazu, masu kamfanin da kansu za su zo neman shawara, kuma ba lallai ne ya sami lokacinsu ba.

Ranar Laraba ya ɗaure ƙwaya a ɗan matsin ƙarfen da yake kama agogon hannu da shi, ya sa ƙaramin magagari, ya goge farin a gwangwani ɗaya, rawayan a wani. Aiki ne mai tsabta, dole a yaba masa. Saura sanin wane ne wane. Ya yi nazari na tsawon minti huɗu, ya yanke cewa fari launin matashin kai ne, saboda haka shi ne na barci, rawaya kuma launin hantsi ne, shi ne na wartsakewa.

Da yake shi mutum ne mai bin tsari, ya ce sai an gwada. Maƙwabtansa biyu su ma garin katakon ya dame su. Tela na da labulen wani otal da zai gama ranar Alhamis, yana son abin da zai buɗe masa hanci da ido. Baba ya auna masa rawaya. Mai aski ya ce shi atishawa ce ke firgita masa mutane yana riƙe da reza, yana son abin da zai kwantar masa da jiki. Baba ya auna masa fari.

Kafin azahar keken tela ya yi shiru. Da aka leƙa, aka same shi ya kifa goshi a kan labule yana minshari, hannun rigarsa ɗinke a jikin labulen, layi biyu masu kyau. A can ɗaya shagon kuwa mai aski ya zama rediyo. Yana zuba surutu ba waƙafi, zufa na tsiyaya, yana cewa wani na buga ganga a ƙirjinsa. A daidai lokacin ne shugaban kwamiti ya shigo a daidaita masa gashin baki saboda zaman Asabar. Ya ce a rage kaɗan daga gefe. Kilifa ta yi rawa a hannun mai aski, ta kwashe ɓangaren dama gaba ɗaya. Shugaba ya daɗe yana kallon madubi. Daga bisani, cikin muryar da ya saba sallamar malamai da ita, ya ce a ƙarasa ɗaya gefen.

Da yamma su biyun suka tsare Baba a ƙofar shagonsa, tela na jan labule a bayansa domin bai sami mai warware ɗinkin ba tukuna. Mai aski ya ce ai an juya musu magani ne. Baba ya ce magani bai juya ba, su ne a juye. Mai aski bahago ne, komai a jikinsa ta hagu yake bi. Tela kuwa shekara ashirin yana zaune, jininsa ya taru a ƙasa, duk abin da ya shiga cikinsa sai ya kwanta. Tela ya ce to shi wanda jininsa ke tafiyar agogo, me ya hana ya fara gwadawa a kansa? Baba ya ce mai awo ba ya hawa sikeli.

A gida matarsa ta ga hoda a jikin magagarin da ya leƙo daga aljihunsa, ta ga kwalin ƙwaya babu rabi.

"Malam, ka gaya wa mai kemis kana shan maganin hawan jini?"

"Ta tambaya, na ba ta amsa daidai shekarunta."

"Wato ƙarya ka yi mata."

"Taƙaita mata bayani na yi."

Ta ce ita ba ta yi karatun magani ba, amma takardar cikin kwalin ta ce kada a fasa. Ya ce takardar don jama'a aka rubuta ta, ba don masu sana'ar hannu ba. Ta ce to Allah Ya sa sana'ar hannun ta san hanyar asibiti.

Safiyar Asabar Baba ya fito da sabon lissafi. Tunda kowace hoda ita kaɗai tana rinjayar mutum gefe ɗaya, zai sha duka biyun, amma ninki biyu, su riƙe juna, shi kuma ya tsaya a tsakiya cak kamar ƙarfen lilon agogo idan an tsayar da shi. Ya zuba garin ƙwaya biyu a ruwa ya shanye. Ya ɗauko maganin tari na ruwa daga kan kanta ya ƙara cokali ɗaya, ya ce wannan man inji ne. Ƙwayar hawan jini kuwa ya bar ta a gefen kofi, ya ce ma'aikata sun yi yawa a shago ɗaya. Yana fita matarsa ta ga ƙwayar, ta ga gwangwanayen biyu wayam. Ta kwashe su duka har da kwalbar maganin tarin a jaka ta nufi kantin magani.

Ƙarfe sha ɗaya da rabi ɗakin karatu ya cika. 'Yan kwamiti na zaune a dogon teburi ƙarƙashin agogo, shugaba a tsakiya, hannu ɗaya riƙe da kofin shayi, ɗayan rufe da leɓensa na sama. Mai aski ya zaɓi kujerar da ta fi nisa da shi. Kafinta, wanda bai san shi ne mafarin komai ba, ya zo riƙe tsani.

Baba ya ce zai yi ɗan jawabi a kan tarihin agogon. Ya fara da kyau, sai kalmomin suka fara tsere wa juna, shekara talatin da ɗaya suka wuce cikin numfashi uku. Daga nan bakinsa ya bushe, harshe ya manne a dasashi, ya riƙa buɗe baki yana rufewa kamar kifi a kan tudu. Magatakardar kwamiti, wata malama mai tabarau, ta tambaya ko ta rubuta cewa jawabi ya ƙare. Baba ya ɗaga mata hannu, ya kama tsani.

Atishawa dai babu ita, wannan gaskiya ne. Amma tun daga mataki na uku tsanin ya fara kaɗawa, har kafinta ya duba ko ƙafar tsanin ce ta karye. Baba ya kai sama, ya buɗe ƙofar agogo, ya mayar da ɓangaren bugu. Saura abu ɗaya, ɗan ƙarfe mai kamar ƙugiya wanda ke tsayar da gudumar agogo idan ta cika adadin bugunta, wanda shi yake kira birki. Ya ɗauko shi da hantsaki. Hantsakin ya riƙa karkarwa yana ƙara kamar haƙoran mai jin sanyi. Birki ya suɓuce, ya daki matakin tsani, ya faɗa tsulum cikin shayin shugaba. Shugaba na can yana gyara zaman hannunsa a kan leɓe, bai lura ba.

Tela ya ce kamar ya ga wani abu ya faɗo. Baba ya amsa daga sama cewa rarar ƙarfe ce, masu ƙera agogon ne suka sa ta don ado.

Sai ɗaya maganin ya karɓi aiki. Zuciya na gudu, amma fatar ido ta yi nauyi kamar an rataya mata dutse. Baba ya sanar da kwamiti cewa zai saurari numfashin agogon, ya cusa kansa cikin akwatin. Bayan minti biyu aka ji numfashi, amma ba na agogo ba.

Ƙarfe goma sha biyu ya cika. Guduma ta fara sauka, shugaba na ƙirgawa da ƙarfi ta bayan tafin hannu. Da aka kai goma sha biyu mutane suka fara tafi. Sai agogo ya buga sha uku. Ya buga sha huɗu. Shugaba, da yake tsohon sufeto ne, bai daina ƙirga ba. A ashirin da biyar masu wucewa a titi suka fara shigowa suna tambaya ko gobara ce. A arba'in magatakarda ta tambaya ko adadin za ta rubuta ko kuwa ta jira jimla. Duk wannan ƙara a gefen kunnen Baba take, amma minsharinsa na amsa wa guduma ɗaya bayan ɗaya, ƙafarsa ta dama kuma ta fara zamewa daga mataki.

Mai gyaran waya ne ya haye da sauri, ya tokare shi da kafaɗa, ya sa yatsa don tare guduma, guduma ta daki yatsan sau uku. Ya ce, "Baba, yaya ake tsayar da abin nan?"

Baba bai buɗe ido ba. "Birki," in ji shi cikin magagi. "Ƙugiyar ta kalli hagu. Kada ka matse sukurun da yawa, ɗan zamani."

Aka shiga neman birki a ƙasa, ana ɗaga kujeru. Shugaba, wanda maƙogwaronsa ya bushe da ƙirga, ya kurɓi sauran shayinsa, sai wani abu ya ƙwanƙwashi haƙorinsa. Ya zaro shi ya ɗaga sama, ya manta da leɓensa, jama'a suka ga abin da suka ga. Aka miƙa ƙarfen sama hannu zuwa hannu. Mai gyaran waya ya bi abin da mai barci ya faɗa, agogo ya yi shiru a bugu na tamanin da takwas.

Mutum huɗu ne suka sauko da Baba suka zaunar da shi. A lokacin ne matarsa ta iso da mai kemis, wadda ta zo da na'urar awon jini. Ta naɗa masa a dantse, ta dubi lambar, ta ce a nemo mota. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baba, abin da agogon nan ya yi yanzu, shi ka yi wa jikinka. Farin gefen an yi masa birki ne, ya riƙa sakin magani kaɗan-kaɗan har awa goma sha biyu. Ka goge birkin da magagari, ya sakar maka duka lokaci ɗaya, kuma ninki biyu. Rawayan shi ne mai sa barci, saboda shi na ce kada ka hau sama. Maganin tarin nan ma akwai irinsu a ciki. Da ka gaya mini kana da hawan jini, da ban ba ka wannan ƙwayar ba sam. Akwai wadda ta dace da kai."

Ta juya ga mai aski da tela ta ce su ma daga yau kada su ƙara shan maganin da aka ba wani, balle wanda ya fito daga gwangwani. Baba ya buɗe ido ɗaya ya ce ai dama abin da yake son ya nuna wa kwamiti ke nan a aikace. Matarsa ta ce ya ƙarasa nunin a gaban likita.

A asibiti aka riƙe shi har la'asar, jini ya sauka, aka canza masa magani, aka ce ya riƙa rufe hanci da ƙyalle idan kafinta na aiki.

Ranar Litinin kwamiti ya sake zama. Shugaba ya ce bisa sharaɗi agogo ya yi ƙarin bugu saba'in da shida, saboda haka hukunci a fili yake. Sai mai gyaran waya ya miƙe, yatsansa naɗe da bandeji, ya ce ya janye shawararsa. Ya ga cikin agogon da idonsa, kuma abin da mutum zai iya gyarawa yana barci bai kamata a zubar da shi ba. Aka yi shawara, aka tsaya a kan cewa agogo zai zauna yadda yake, amma hawa tsani da riƙon makulli sun koma hannun mai gyaran waya. Baba zai tsaya a ƙasa ya riƙa faɗin abin da za a yi.

Aka zo cire makulli, ƙullin igiyar ya ƙi kwancewa, domin shekara talatin da ɗaya ba a taɓa shi ba. Tela ya zaro almakashi, ya ce wannan aikin shi zai yi, kuma da farin ciki. Igiyar ta rabu. Baba ya riƙe makullin a tafin hannunsa ya daɗe yana kallo, matarsa ta sunkuyar da kai. Daga nan ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya, ya shaida wa kwamiti cewa ya daɗe yana neman wanda zai koya wa aikin, kuma duk abin da ya faru ranar Asabar, tun daga faɗuwar birki har zuwa barcin, jarrabawa ce ya shirya.

Ya ɗora makullin a hannun mai gyaran waya ya ce, "Ka ci. Amma da kyar."